Albarka a Kan Tsohon Tsumma

A cikin motata muka ƙulla cinikin, ni da Najiba, wata Laraba da yamma bayan babbar sallar 2014. Na ɗauko ta ne daga wurin aikinta a unguwar Southwest ta Washington, inda gine-ginen gwamnati suka jeru kamar akwatunan lefe. Ba ta shiga baya ba yadda ta saba. Gaba ta buɗe, ta ɗora jaka a cinya, ta gaishe ni har da tambayar gwiwata. Yarinyar nan a nan Amurka aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da magana, sai fa in tana neman wani abu a hannunka. Da na ji ta fara da Hausa na rage rediyo.

Wai ita da abokanta za su je hawan dutse ranar Asabar, can cikin Virginia, kuma motocinsu ba za su ɗauke su ba. Tana son motata Sienna, da ni a cikinta, yini guda cur. Na ce mata Asabar ita ce ranar kasuwar direban tasi, me zan samu in na rufe shago?

Ta dube ni ta wutsiyar ido, irin kallon uwarta sak.

"Tonton, Mama za ta je. Nan za ta zauna." Tonton take ce min, wato kawu. Ta daki kujerar da take kai. "In an fara hawa zan janye kowa gaba in bar ku. Kai dai ka yi magana, don Allah. Kowa ya gaji."

"Kowa wa?"

"Kowa."

Na ce na sallama. Ta miƙo min ƙaramin yatsanta, wai haka suke ƙulla alkawari tun suna makaranta, na ce ta riƙe abinta, bakina ya isa.

Ga wanda yau ya fara cin karo da labarina: ni ne Ɗan Azumi, mutumin Maraɗi. Na sayar da goro a Kumasi, na sayar da taya a Legas, na yi dako a Jidda, kafin Allah ya jefo ni Amurka na kama sitiyari. Matata ta rasu tun ina Legas, 'ya'yana duk sun yi aure a gida. Ɗakin ƙasa gare ni a Annandale, ƙarƙashin gidan wani ɗan Koriya, taga ɗaya, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai take nuna min.

Uwar Najiba kuwa ita ce Rakia, 'yar Damagaram, matar abokina Abdoul Aziz da muke layin tasi tare a filin jirgi. Ciwon hanta ya ɗauke shi. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabarinsa. Da ta fita takaba ban daina zuwa gidan ba: in kai buhun shinkafa, in gyara famfo, in canja wa motarta baƙin mai. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in cire takalmina a bakin ƙofa, in zauna ƙasa a gefen kafet, kusa da kabad ɗin da ta jera kwanukan da ta zo da su daga gida. Ta kawo dambu da zogale, ta kawo shayi, ta sa turaren wuta kaɗan-kaɗan don kada na'urar hayaƙin da ke silin ta tara mana maƙwabta. Ta zauna can nesa tana ba ni labarin tsohuwar Baturiyar da take jinya. Ni ina ce mata Hajiya, ita tana ce min Alhaji. Sunana na yanka, ko na Azumin, ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Zuciyata ta daɗe da faɗa min abin da take so. Bakina ne bai faɗa wa kowa ba.

Lokaci kuwa ba ya jirana, na sani. Yayanta na Damagaram duk Lahadi sai ya bugo: mace ba ta zama haka a ƙasar wasu, ko ta yi aure kafin shekara ta fita, ko ta tattara ta koma gida. Ga kuma Injiniya Ɗanliti, Bakano, mai gida a Mitchellville, garejinsa kaɗai ya fi ɗakina. Shi ma matarsa ta rasu, kuma kawu ne ga Fahad, saurayin Najiba. Ya aika mata wurinta da maganar aure, ya sake aikawa, ta ce tana shawara. Duk na ji, don a layin tasi ba abin da ke ɓoyuwa. Amma ban tsorata ba. Na ce a raina, kayan da aka taya da tsada mai shi bai sallama ba, wani yake jira.

Akwai abin da maigidana na Kumasi, wani tsohon Bagobiri, ya koya min tun ina ɗaukar masa huhun goro. Ya ce kalma biyu ce a bakin mai kaya: albarka, ko na sallama. In kana son abu, kada idonka ya nuna. Taya ƙasa. In an ce maka albarka, kada ka ƙara nan take. Juya baya ka tafi a hankali, kafin ka wuce rumfar gaba za a kira ka. Da wannan dabara na ci abinci a ƙasa huɗu, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ta kai ni.

Ranar Asabar na tashi na yi wanka, na fito da shaddata ruwan sararin sama, ɗinkin Bamako, wadda na sa ranar salla. Na karya hula, na sa takalmin fata sau-ciki mai santsin ƙasa, na fesa turare. Kada ku yi min dariya. An ce min hawan dutse, ni kuwa dutsen da na taɓa hawa shi ne Dala, mai matakala, ka hau ka ga gari ka sauko shayinka bai huce ba. Kuma namijin da zai nemi aure ba ya zuwa da wandon motsa jiki.

Da na tsaya ƙofar gidansu Najiba ta ganni ta toshe baki da hannu biyu. Rakia ta fito cikin doguwar riga baƙa mai faɗi, da wando a ciki, da mayafi ruwan zuma, da kambas ɗin 'yarta a ƙafa, ta rungumo jakar goyo. Ba ta kalli shaddar ba. Ƙafata ta kalla. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga yara sun yo dafifi suna gaishe ni, ta mayar da bakin ta rufe.

Ta zauna gaba, kamar yadda aka yi ciniki. Muka bar gari, gidaje suka ƙare, gonaki da dawakai suka fara. Lokacin ne ganye ke juyawa, wani ja, wani ruwan ɗorawa, kamar an shanya atamfofi a kan tsaunuka. Ta ce marigayi ya sha yi mata alkawarin zai kawo ta ta ga ganyen nan, bai taɓa samun Asabar ba. Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. 

Fahad ne daga baya ya ce ko na san sunan dutsen? Wai Old Rag. Najiba ta yi ta laluben Hausarsa har uwarta ta taimake ta: tsohon tsumma. Yara suka yi ta dariya, wani ya ce ashe wajen ɗan'uwan Tonton za mu. Rakia ba ta juyo ba, idonta na kan gilas, ta ce a hankali, "Da tsohon tsumma ake sauke tukunya mai zafi."

Na ji maganar nan har tafin ƙafata. Na ce yau kasuwa tawa ce.

Muna shiga wurin ajiye motoci na hango baƙar jif, da mutum jingine da ita. Injiniya Ɗanliti. Najiba ta raɗa min da rantsuwa cewa ba ta san zai zo ba, bakin Fahad ne ba ya riƙe magana, kuma na yarda da ita. Ya sha takalmi mai wuya kamar na soja, da rigar sanyi ja, da sanduna biyu na ƙarfe. Ya gaishe da Rakia da ladabi, sannan ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ɗaurin aure za mu, ba a gaya masa ba. Na ce masa wanda ya zo da sanda biyu shi ya san halin ƙafarsa. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ba mugun mutum ba ne, gara in faɗa tun yanzu.

A bakin hanya akwai allo mai taswira. Najiba ta tara mu tana bayani da Turancinta mai gudu, yatsanta na yawo a kan allon. Ni da na yi shekaru ina ratsa Washington ba taswira, me zan tsaya ji? Na riƙa gyaɗa kai, idona na kan jakar da Rakia ta cusa rigar sanyinta a ciki tana ƙoƙarin goyawa. Na karɓe ta kafin Injiniya ya miƙo hannu. Nauyinta ya ba ni mamaki.

"Mi kika zuba ciki, Hajiya, dutsen niƙa?"

"In mun samu wurin da ba mutane zan nuna maka."

Hanyar ta shiga daji tana lanƙwasa, an shafa wa itatuwa shuɗin fenti don kada a ɓata. Mutane kamar ranar kasuwa: Turawa, Indiyawa, 'yan China, tsofaffi da jikoki, kowa ya wuce ka sai ya yi maka murmushi, wasu su ƙara waiwayen shaddata. Najiba ta cika alkawari. Ta kama Injiniya da tambayoyi kan gadoji, shi kuwa in aka taɓo gada ba ya jin kira, har suka ɓace mana gaba. Muka rage mu biyu. Takalmina ya fara cin dunduniyata tun ba a je ko'ina ba, amma na daure, ina taku kamar ango.

Inda itatuwa suka fara ƙarewa, manyan duwatsu suka fara, akwai wani fale-falen dutse a gefen hanya. Nan muka zauna, ita can, ni nan. Ƙasa duk ta buɗe a gabanmu. Ta ce in miƙo mata jakar tukuna. Na ce ta bari in gama abin da ke bakina, don in na ajiye shi ba lalle in sake ɗauka ba.

Sai na taya, kuma na taya ƙasa, yadda aka koya min. Na ce ta san ni ta san abin da nake da shi: ɗaki ɗaya, mota ɗaya, gwiwa ɗaya mai lafiya. Ba ni da gareji. Na ce zaman kaɗaici ba daɗi gare ni, ita ma na san yayanta ya matsa mata. In ta ga za ta iya, to. In ba ta gani ba, ba dole, zumunci na nan.

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, amma idonta na dariya.

"Shi ke nan tayin, Alhaji?"

"Shi ke nan."

"Albarka."

Jama'a, na san albarka ba kora ba ce. Yaron da aka aika sayen daddawa ma ya sani. Ƙaro ake nufi. Kuma na san abin da take so in ƙara, ba gareji ba ne. Kalma ce da ban faɗa ba a duk jawabina, wadda ba ta cin ko sisi. Tana kan harshena. Amma tsohon Bagobirin nan ya taso min a ka: kada ka ƙara nan take. Na ce a raina, bari ta kira ni da bakinta, sannan in zube mata duk abin da ke cikina, mu hau dutsen nan da daɗi.

Na miƙe na kakkaɓe shadda. "To, Allah ya kawo kasuwa," na ce, na juya baya, na kama hanyar da muka fito, a hankali, jakarta a kafaɗata.

Na wuce itace na farko, kunnena a baya. Na wuce na biyu. Hanya ta lanƙwasa, wani ƙaton dutse ya shiga tsakaninmu. Na laɓe a bayansa ina murmushi ni kaɗai. Na ce kunya ce, bari in ba ta lokaci. Wani ayarin ɗalibai ya zo ya wuce da hayaniya, wani ya biyo. Da na ga shirun ya yi yawa na leƙo.

Ba kowa a kan fale-falen dutsen.

Na bi ta da sauri. Daga nan kuwa hanya ta ƙare, sai duwatsu a kan duwatsu, shuɗin fentin na nuna ka hau nan, ka ratsa wancan tsagin, ka dira can. Na ɗora ƙafa, takalmi ya zame. Na sake, ya sake zamewa, na zo ƙasa da gwiwar nan mai lafiya, shadda ta yage daga aljihu har ƙasa. Wata yarinya Baturiya ta miƙo min hannu, na ce mata na gode, hutawa nake. Na duba salula, ba rezo, wato sabis, ko ɗigo.

Na koma inda muka zauna, na yi lissafi irin na masu wayo. Ruwanta na wurina, rigar sanyinta na wurina, makullin mota na aljihuna. Wanda ya hau kuwa, ta ina zai sauko in ba ta inda ya hau ba? Zan zauna nan. In ta sauko ta same ni inda ta bar ni, da yagaggiyar riga, wannan ma ai ƙari ne a kan tayi.

Na yi taimama na yi azahar. Ƙishi ya kama ni, ina jin ruwa na motsi a jakar, amma namiji ba ya buɗe jakar matar da ba tasa ba. Dunduniyata ta yi ƙulli ta fashe. Iska ta fara sanyi, na tuna can sama ya fi nan, na tuna rigarta na bayana, raina ya ɗan sosu, na ce ai shi zai sa ta sauko da wuri.

Abin da ya kamata in lura da shi tun farko sai bayan la'asar ya shige ni. Mutane suna ta hawa, suna ta hawa, masu saukowa kuwa sai jefi-jefi. Kamar lahira. Ina duk jama'ar nan ta tafi? Wani tsohon Bature mai farin gemu ya zo shi kaɗai, na tare shi, na ce ina jiran mutanena ne su sauko. Ya dube ni, ya dubi takalmina, tausayi ya kama fuskarsa. Ya ɗaga yatsa ya zana da'ira a iska. Ya ce ta nan ake hawa, ta bayan dutsen ake sauka, hanya ce mai zagaye, can wurin motoci take ɓullewa.

Abin da yatsan Najiba ke yi a kan allo ke nan da safe.

Na cire takalmi na riƙe a hannu, na gangaro da safa. Ban san yadda na iso ba. Rana ta yi ja lokacin da na ɓullo wurin motoci, yara na tsaye jikin Sienna sun ƙanƙame jiki. Najiba ta taho da gudu, idonta jawur, ta ce saura kaɗan ta je ta gaya wa ma'aikatan dajin an rasa mutum. Ta yi ta zuba Turanci, sannan ta tsaya, ta koma Hausa, muryarta ƙasa: "Tonton, me ka yi?"

Rakia na zaune a kujerar baya ta jif ɗin Injiniya, da jar rigar sanyinsa a kafaɗarta. Na je na tsaya jikin gilas. Ta sauke shi rabi. Ta dubi safata da ta zama ƙasa da jini, ta dubi jakar da ke rufe yadda ta ba ni ita. Na miƙa mata jakar.

"Riƙe, Alhaji. Sannu da hanya."

Gilas ya koma sama. Najiba da Fahad suka shiga tare da ita. Kujerar gaba ta motata kuwa jakar ce ta zauna a kai.

Da magariba na tsaya wani gidan mai in yi salla, yara suka shiga sayen abin taɓawa. Nan salula ta samu rezo, ta hau kuka a aljihuna. Saƙonnin murya ne, duk daga Rakia. Ta san rubutu na ba ni wahala in ba tabarau. Ashe can ƙololuwa akwai rezo, inda na zauna ne babu. Na koma bayan mota na kara a kunne.

Na farko, iska na busawa, dariya na cikin muryarta: "Alhaji, wasan ya isa haka. Albarka na ce, ban ce tafi ba. Kai da ka yi kasuwa."

Na biyu: "Na so in kira ka, to da wane suna, cikin mutane? Injiniya ya dawo nemanmu ya same ni ni kaɗai, kunya ta sa na bi shi. Buɗe jakar, akwai takalmi, naka ne. Da igiya na auna wanda kake cirewa a bakin ƙofa. Na san da abin da za ka zo. Sa shi ka hawo, ina nan sama, na ce musu ƙafata ke ciwo."

Na gaba gajere ne. "Akwai sanyi nan."

Na ƙarshe ya fara da shiru, har na ɗauka kuskure ne, sai iska kawai. Sannan ta ce, ba dariya, ba kuka: "Injiniya ya sake tambaya, a gaban yara. Na ce ya tura Damagaram. Na jira ka a ƙasa, na jira ka a sama, Alhaji. Ban san inda zan ƙara jiranka ba."

Na buɗe jakar a kan kujerar gaba. Rigar sanyinta ce a sama, sai gorar ruwa, sai fulas na shayi da kofi biyu. Can ƙasa, cikin leda, kambas baƙi mai kaurin ƙasa, takardar kanti na rataye a jikinsa. Yini guda ina goye da shi a bayana, ƙafata na jini.

Washegari na buga mata. Ta ɗauka, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi ƙafa. Na faɗi kalmar nan da ban faɗa a kan dutse ba, na faɗa na maimaita. Ta ce magana ta wuce hannunta, tun daren jiya Injiniya ya kira yayanta, kuma ita ba ta taɓa ba mutum baki ta janye ba. Ta ce in riƙa sa man kaɗanya a dunduniyar. Juma'ar da ta biyo na wuce ta layinsu ban tsaya ba.

Shekaranjiya kuma ina layi a filin jirgi sai ga lambar Nijar. Yayanta ne. Ya yi min godiya mai tsawo kan yadda na riƙe iyalin marigayi. Ya ce shi ba zai samu zuwa ba, kuma duk ƙasar nan ba su da babba kamata, don haka ni ne wakilin Rakia. Mutanen Injiniya za su zo wurina ranar Lahadi neman aurenta. Ya ce, yana dariya, "In sun taya, kai ka san ciniki."

Na ce masa na sani.

To ga lissafin Tsohon Tsumma, tunda da ciniki aka fara. Najiba ta ci riba: ta samu mota, ta kuma cika nata alkawarin, ba na bin ta komai. Injiniya ya ci riba, ya zo da sanda biyu ya koma da alkawarin mata. Yayan Rakia ya ci riba, wayar Lahadi ta huta. Rakia ban sani ba. Muryar da na ji a saƙon ƙarshe ba ta mai riba ba ce. Ni kuwa na fita da takalmi sabo, daidai ƙafata kamar a kanta aka ɗinka shi, na yi asarar wadda ta auna shi. Ranar Lahadi shi zan sa in zauna gaban mutanen Injiniya in ji tayinsu. Kalma biyu ce a bakin mai kaya, kuma har yanzu ban san wadda za ta fito daga nawa ba.